Malamin Cikin Akwati

Idan masaƙa ta mutu, gari kan sani. Jiniya ta daina kuka, masu sayar da abinci a bakin ƙofa su watse, ginin kuma ya tsaya yana tuna wa duk mai wucewa. Haka jirgin ƙasa yake: ko ya daina zuwa, dogo na nan kwance daga Zariya, ya ratsa Funtua har Ƙaura Namoda. Amma makarantar da ake aikowa ta iska, ranar da ta mutu ko kango ba ta bari. Shi ya sa darussan talabijin da aka taɓa shirya wa yaran makaranta a Arewa suka shuɗe ba wanda ya yi musu zaman makoki, har mu da aka ce dominmu aka yi su.

Mu ne 'yan UPE na yankin Funtua da Malumfashi. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, aka bi gida-gida ana rubuta sunayenmu. Wanda ba shi da takardar haihuwa, sai a ce ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne. An yi lissafin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kusan miliyan 3. Azuzuwa suka yi kaɗan, malamai suka fi su kaɗan. Wasunmu a gindin bishiya suka fara, wasu a zauren mai unguwa. Malamanmu da yawa samari ne da aka ba horon gaggawa, wasu ba su girmi manyan yayyenmu ba. Idan akwai yaran da malamin cikin akwati ya kamata ya yi wa rana, to mu ne.

Tunanin ya girme mu. Tun da aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan, ranar 31 ga Oktoba, 1959, babbar hujjar da gwamnatin Awolowo ta bayar ita ce ilimi. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna, Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Arewa kuma tana da sashe na musamman mai shirya wa makarantu darussa ta rediyo da talabijin. Lissafin mai sauƙi ne. Ƙwararren malamin kimiyya ko na Turanci ɗaya ne a cikin ɗari. Idan aka tsayar da shi gaban kyamara, da kayan gwajin da makarantar ƙauye ba za ta taɓa mallaka ba, aji dubu za su iya kallonsa a lokaci guda. Sashen ba shi da tashar kansa, aron sa'o'i yake yi a gidan talabijin, a lokacin da yara ke aji. Bayan an raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida a 1967, aikin ya koma hannun gwamnatin tarayya, a 1977 kuma ya zama Cibiyar Fasahar Koyarwa ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka fi sani da NETC. A wancan lokaci Kaduna ce babban birnin jiharmu, don sai a 1987 aka cire Jihar Katsina. A takarda, muna cikin na gaba-gaba da za su amfana.

To amma kafin darasi ya taso daga Kaduna ya shiga kan yaro a Bakori ko Ƙafur, sai abubuwa huɗu sun haɗu: hoto ya iso, a sami akwati, a sami wuta, a kuma sami mutumin da ya san abin da zai yi da darasin. Huɗun nan ba su cika haɗuwa a wuri ɗaya ba.

Hoto yakan iso, amma da wahala. A garuruwanmu eriya sai an ɗaure ta a kan dogon ƙarfe ko gora, ta zarce rufin gida. Duk gidan da ke da talabijin akwai yaron da aikinsa juya ta, ana yi masa ihu daga ɗaki: “Juya kaɗan! Ya yi! A'a, ka wuce!” Da iska ta taso, hoton ya koma yashi-yashi. Akwati kuwa, na Alhaji ne, ko na ma'aikacin gwamnati, ko na direban babbar mota. A ƙauyukan da wuta ba ta kai ba, da batirin mota ake kunna shi, a ɗora batirin a keke a kai gari caji ranar kasuwa. Ba wanda zai ƙarar da batirin da ya sha wannan wahala a kan darasin lissafi da hantsi, alhali da dare akwai labaru da wasan kwaikwayo.

Wasu makarantun cikin gari sun sami akwatin. Waɗanda suka yi karatu a irinsu daga cikinmu suna tuna shi a ofishin hedimasta, an lulluɓe shi da ƙyalle kamar amarya. An sa wa hedimasta hannu a takarda cewa kayan gwamnati ne a wuyansa, don haka ya fi masa kwanciyar hankali ya ajiye shi lafiya da ya kunna ya lalace. Ranar da aka yi sa'a aka fito da shi, sai a tara aji uku a ɗaki ɗaya, na baya ba sa gani, na gaba ba sa ji saboda hayaniyar na baya. Ana cikin haka a ɗauke wuta. Wani daga cikinmu ya taɓa ɗaga hannu ya ce, “Malam, shi wancan malamin yana ganinmu?” Malam ya ce, “Ba ya ganinku, yarona.” Yaron ya ce, “To, Malam, ya zai san mun gane?” Aka yi dariya. Sai da muka girma muka fahimci cewa tambayar nan ita ce gaba ɗayan matsalar.

Malamin cikin akwati bai san mu ba. Bai san cewa daga watan Nuwamba, idan kaɗa ta fashe gonaki suka yi fari, rabin aji na gona ba. Bai san ranar kasuwa ba a ganin 'yan mata saboda talla ba. Turanci yake yi, da saurin da ya dace da ɗan ma'aikaci a Kaduna, mu kuwa a lokacin ko gaisuwar Turanci a haddace muke yin ta. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa a shekarun farko na firamare, amma harshen akwatin bai bi wannan ba. Malaminmu na zahiri, wanda shi ne ya kamata ya share fage kafin shirin, ya kuma ɗora bayan an gama, sau da yawa tare da mu yake fara ganin darasin. Idan malamin akwati ya faɗi abin da ya saɓa da nasa, kunya ce a gaban yara. Ba abin mamaki ba ne ya gwammace allo da alli.

Duk da haka talabijin ta koyar da mu, sai dai ta bayan gida. Da la'asar, idan tasha ta buɗe, mukan cika tsakar gidan da ke da akwati, takalma jibge a bakin ƙofa. A shirin nan na Amurka, Sesame Street, da yawa daga cikinmu suka fara riƙe ƙirgen Turanci da haruffa, don waƙa ce da wasa, ana kuma maimaitawa har ya zauna. A wasan Samanja na Usman Baba Pategi muka ga rayuwar bariki, a wasannin Ƙasimu Yero muka ga yadda ake wasa da Hausa har ta yi daɗi a baki. Daga 1984 ga Tales by Moonlight, tatsuniya a talabijin, abin da kakanninmu ke yi mana kyauta a tsakar gida. Wata kaka ta leƙo ta ga yara zaune gaban mai ba da labari, ta ce, “Yanzu jikokina, tatsuniyar ma sai an saya muku batir?” Abin lura shi ne, duk shirin da ya zauna a kanmu, ko dai da harshenmu ya zo, ko ya zo a lokacin da muke da sarari, ko akwai babba a kusa da muke tambaya.

Mai son ganin yadda abin yake idan an yi shi da gaske, ba sai ya je nesa ba. Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar hantsi ce, kuma a ƙasar Nijar ne aka yi tashar da tun daga tushe ta yaran makaranta ce. A 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, lokacin da yaran da ke zuwa makarantar boko a ƙasar ba su kai ɗaya cikin goma ba, aka buɗe talabijin ɗin makaranta a Yamai da taimakon Faransa. Nijar ba ta ma da talabijin ta jama'a a lokacin, yara ne suka riga manya. An fara da azuzuwan gwaji, sannan aka faɗaɗa zuwa makarantu kamar 22 a kewayen Yamai, da ɗalibai wajen 800.

Su can sun yi tunanin ƙarshen hanya. Darasi gajere ne, bai kai minti 15 ba, sau huɗu a rana, sauran lokacin kuma na aiki ne a aji. A kowane aji akwai mai kula, saurayi mai takardar gama firamare da aka ba horo na ɗan lokaci, ana kuma aiko masa da takardar da ke gaya masa abin da zai yi kafin shiri da bayansa. Akwai masu zagayawa suna duba yadda yara suka karɓi darasi, su koma su gaya wa masu shiryawa a gyara. Akwai masu gyaran akwati. Da matsalar wuta ta taso, tun kafin shekarun 1960 su ƙare aka fara gwada farantin hasken rana don kunna talabijin a makarantar ƙauye, shekaru da dama kafin kalmar sola ta shigo bakinmu. Masana daga ƙasashe suka riƙa zuwa kallo, don yaran ba sa gudun makaranta, ga su da bakin Faransanci da ƙarfin halin yin tambaya.

Amma ita ma ta mutu. Kuɗin da ake kashewa a ɗakin shirya darasi ɗaya ne, ko yara 800 ke kallo ko 800,000, don haka muddin ba a faɗaɗa ba, kowane yaro ya yi tsada ƙwarai. Faɗaɗawa kuwa na bukatar kuɗin da ƙasar ba ta da shi, balle da farin shekarun 1970 ya zo. Ƙwararrun na waje ne, kuɗin ma haka. Tsofaffin malamai da sufetoci ba su yi na'am da tsarin da ya nuna kamar za a iya yi ba da su ba. Yaron da ya gama kuma, jarrabawar tsohon tsari ke jiransa. Zuwa ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, kayan aikin da gine-ginen suka koma na talabijin ta ƙasa, wadda ake kira Télé Sahel. A Kwaddibuwa ma an yi irin wannan, ya ma fi girma: an fara a 1971 da cibiya a Bouaké, aka rufe a farkon shekarun 1980, bayan iyaye da malamai sun yi ta kukan cewa yara sun iya magana amma rubutu ya gagare su.

Namu na Kaduna ba a rufe shi da sanarwa ba, lalacewa ya yi a tsaye. Gidajen talabijin suka koma ƙarƙashin NTA a 1977. Kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya biyo baya a 1986, aka ce kowace tasha ta nemi na kanta. Sa'ar da za a ba darasi kyauta, mai talla zai biya kuɗi a kanta. Akwatunan makarantu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ba mai gyara, ba mai sauyawa. A farkon shekarun 2000 aka haɗe cibiyar ta Kaduna da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda aikinta karantar da manya ne. Yaran firamare suka fita daga lissafi ba tare da wani ya ce an fitar da su ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, a duk faɗin Arewa ba yankin da ya kai namu sanin yadda ake kai abu ƙarshen hanya. Auduga ta koya mana. Tun zamanin Turawa akwai gonar inganta iri a Daudawa. Akwai gidajen gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, har sunan kamfanin, Bisije, ya zama sunan unguwa. Ana rabon gurya kafin damina, ana buɗe fuloti bayan kaka, ga malamin sikeli, ga mai duba daraja, ga motar da za ta kwashe. Iyayenmu sun ga majigi a ƙofar fada, motar gwamnati ta zo da injinta da ƙyallenta da mai bayani da Hausa, ta nuna musu Baban Larai da yadda ake noman zamani. A 1975, shekara guda kafin a sa mu makaranta, aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. Aka yi hanyoyin karkara, aka gina cibiyoyin sayar da taki da iri, aka ba malaman gona babura. Duk abin da za a ce game da wanda ya fi cin moriyar shirin, ba wanda ke musun cewa taki ya isa ƙauye, masara kuma ta zauna a ƙasarmu har yau.

Ba wanda ya taɓa tunanin zai tsaya a Kaduna ya watsa gurya a iska, ya ce ta faɗa gonar Ɗanja ta tsiro. An san iri na bukatar mota da ɗan dako da malamin gona, da wanda zai dawo ya duba ko ya fito. Darasi ne kaɗai aka yi wa haka. Aka kashe kuɗi a inda kyamara take, inda manya za su zo su yanke ƙyalle, aka bar inda yaro yake ba batir, ba mai gyara, ba wanda zai tambaye shi ko ya gane. Auduga tana da mai saye a Ingila, daga baya a masaƙun Kaduna da Funtua, shi ya sa aka bi ta har gona. Karatun ɗan manomi ba shi da mai jiransa a bakin sikeli.

Da a ce wannan tarihi ne kawai, da mun bar shi ya kwanta. Amma a watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu, sai ga jihohi suna rige-rigen sa darussa a rediyo da talabijin, kamar yau aka fara tunanin. Aka nemo malamai aka tsayar gaban kyamara, da yawansu ba su taɓa yi ba. Muka zauna da 'ya'yanmu muna kallo, muna ganin abin da muka sani tun muna yara: wuta ta tafi a tsakiyar darasi, yaro ya yi tambaya ba mai amsawa, na ƙauye kuwa bai ma san ana yi ba. Kafin a farfaɗo, ranar 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Allah Ya sa aka sako su bayan kwana shida, amma aka rufe makarantun kwana, iyaye da yawa kuma suka ji tsoron mayar da yara. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda tsaro, har da Funtua da Malumfashi da Bakori, aka yi watanni a haka. Masu cewa intanet ta maye gurbin komai, a watannin nan sun ga iyakarta. Rediyo ce ta rage, da talabijin ga mai faranti.

Yau akwai yara a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da iyayensu suka baro gonaki suka dawo gari, suna zaune a gidajen 'yan uwa ko a kangaye. Wasu sun shekara biyu, wasu uku, ba su shiga aji ba. Malami ba zai je inda ake tsoron kwana ba, kuma ba za mu ga laifinsa ba. A irin wannan hali ne darasin da ke tafiya ta iska ke da amfanin da bai taɓa yi ba ko a zamaninmu.

Kuma abubuwa huɗun nan da suka gagara haɗuwa a da, uku sun yi sauƙi. Farantin sola da Nijar ta gwada a matsayin abin al'ajabi, yau a kasuwar Funtua ake sayar da shi, mai shayi ma yana da nasa. Akwati ya yi araha, darasi kuma yana shiga katin waya, a kalla ba tare da eriya ba, a maimaita sau goma. Harshe ma an gwada an ga yana yiwuwa: an fara Sesame Square na Nijeriya a 2011, aka kuma yi shi da Hausa da sunan Dandalin Sesame, ga tashoshin Hausa irin su Arewa24 da ke kan iska tun 2014. Na huɗun ne har yanzu babu, wato mutumin da zai zauna da yaran. Shi kuwa ba daga waje za a kawo shi ba. Kowace unguwa a garuruwanmu cike take da masu NCE da 'yan sakandare da ke zaune ba aiki. Irinsu Nijar ta ɗauka a 1964, da ilimin da bai kai nasu ba.

Mu da aka rubuta sunayenmu a 1976, yau mu ne hedimastoci da kansiloli da 'yan kasuwar hatsi da shugabannin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Mun iya tara kuɗi mu yi wa tsohuwar makarantarmu fenti, mu sa allo mai sunayenmu. Zaure ɗaya a unguwa, da faranti ɗaya, da akwati ɗaya, da alawus ɗin yarinya ko saurayin da zai zauna da yara talatin kullum da hantsi, bai kai kuɗin fentin ba. Sai dai ba ya ƙarewa da rana ɗaya, dole wani ya dawo wata mai zuwa ya duba batir, ya biya alawus, ya tambayi yaran abin da suka koya. Aikin malamin gona ke nan, mu kuwa 'ya'yan manoma ne, mun san shuka ba ta yi sai da maimai. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya mayar da kowane yaro ajinsa. Kafin nan, kada mu bar su suna jira.